Fitilun bakin ruwa duk sun yi wutsiya a hotona, ku agaza

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Wata takwas na yi ina tara kuɗin kyamarar nan, har yau yayana gori yake min wai wayarsa ta fi ta. Burina ɗaya ne, hoton bakin ruwa da dare, irin wanda ruwa ke kwanciya sumul kamar madubi. Dare uku ke nan ina fita. Na ɗora ta kan ƙafa uku, ƙarfin jin haske ISO 100, ƙofar haske f/11, na bar idonta buɗe sakan 30. Ruwan ya yi kyau, amma kowace fitila ta fitar da 'yar wutsiya kamar waƙafi, gine-ginen tsallake kuma dishi-dishi. Ga shi na cika wa yayan nawa baki cewa ranar Asabar zai sha mamaki. Ko kyamarar ce?

Tsohon hannu: Kyamararka lafiya lau, ƙanena, yatsanka ne. Kana danna maɓalli tana girgiza. Sa mata jiran sakan 2, ka matse ƙofar haske zuwa f/22, ka nemi filtar ND, wato baƙin gilashin da ke rage haske. Shi ke nan.

Wata 'yar uwa: ND da dare, Malam? Mai mataki 10 tana rage haske sau 1,024, sakan 30 ɗinsa zai koma sama da awa 8. Da rana ake amfani da ita. Shi kuma f/22 yana rage kaifin hoto. Ɗan'uwa, ka kashe na'urar hana girgiza da ke jikin gilashin kyamarar, a kan ƙafa uku wani lokacin ita ce ke jawo motsin.

Tsohon hannu: Hajiya, tun zamanin fim nake sana'ar nan. Da f/22 ne fitila za ta fi fitar da tartsatsi kamar tauraro.

Wani memba: Ku dai kuna ta lissafi. Ni bara kan yashi na kafa tawa, igiyar ruwa ta zo ta kwashe yashin ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ina kallo ta kife. Ruwan gishiri ne, washegari dunƙulen batir ɗin ya yi kore. Mai gyara ya riƙe ta wata biyu, ya dawo min da ita ba murfi. Har yau abin na ci min rai.

Mai tambaya: Allah ya mayar da alheri. Amma jiran sakan 2 ina sa shi tun daren farko. Na'urar hana girgiza kuwa ba zan kashe ba, saboda ita na ƙara kuɗi na sayi gilashin. Kuma ni ba kan yashi nake ba, kan gadar katakon nan nake tsayawa, wadda ake ɗaure jiragen ruwa.

Wata 'yar uwa: Tsaya. Gadar a kafe take ko kan ruwa take yawo? In mai yawo ce ai ga amsarka, sakan 30 tana lilo da kai da kyamarar gaba ɗaya. Ko kafaffiya ce, takun mai wucewa ya isa. Koma kan siminti ko dutse.

Mai tambaya: Tana ɗan motsi, amma kaɗan ne, da ƙyar ake ji. Kuma daga can kaɗai ake ganin fitilun a jere. Kan siminti wata bishiya ce ke tare min rabi.

Tsohon hannu: Ba gada ba ce. Rataya jakarka a ƙugiyar ƙafa ukun ta yi nauyi, ka je minti 30 bayan faɗuwar rana, sama tana shuɗi.

Wata 'yar uwa: Nauyin jaka zai hana ruwa motsi?

Mai tambaya: Bari in gwada na jakar yau da dare. In na rage zuwa sakan 15 fa, wutsiyar za ta ragu?