Wine da Proton: me za mu kira su da Hausa?

Mai gyaran kwamfuta, Zengou: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya wani yaro ya dawo mini da tsohuwar kwamfutarsa da na sa wa Linux saboda Windows ta yi mata nauyi. Wasan ƙwallon da ya saba bugawa ya ƙi buɗewa, don an yi shi ne domin Windows. Na sa masa Wine, manhajar da ke sa kayan Windows su yi aiki a Linux, wasa ya tashi. Mahaifinsa da ya rako shi ya leƙo ya ce, "Malam, me ka zuba mata?" Abin da ya zo bakina *couche de compatibilité* ne, kuma dattijon bai yi lakwal ba. Abin ya tsaya mini a rai har dare. Ku taimaka mini da kalma.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou: Yaya, ai "makwaikwayi" ya isa. Haka muke ce wa PPSSPP da muke buga wasannin PSP, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, da shi a waya.

Mai gyaran kwamfuta: Ƙanena, a PPSSPP ka yi daidai. Wayarka ba PSP ba ce, dole manhajar ta kwaikwayi na'urar gaba ɗayanta, har ƙwaƙwalwarta, shi ya sa waya ke ɗaukar zafi, batir ya zube. Wine ba haka yake ba. Sunansa ma musu ne: waɗanda suka fara shi a 1993 sun sa masa suna *Wine Is Not an Emulator*, wato shi ba makwaikwayi ba ne. Na'urar dai ita ce, ba a kwaikwayon komai. Wasa ne ke roƙo da yaren Windows, "buɗe mini fayil, zana mini hoto, ba ni sauti", shi kuma Wine ya maida roƙon yaren Linux nan take.

Malama mai koyar da Hausa, Birni: To ai ka faɗi sunan da bakinka, Malam. Tafinta ke nan. Tun zuwan Faransawa Damagaram a 1899 mutanenmu suka san mutumin da ke tsayawa tsakanin kumandan da Sarki, wannan ya faɗa, ya juya wa wancan. Babu tsohon da zai ce bai gane ba.

Ɗan kasuwar Dole: Ni fatoma ya fi kwanta mini. Baƙo ya zo da kaya daga Kano ko Agadas, fatoma ya sauke shi, ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu saye. Na ga Wine yana gina wa wasa wani ɗan gida mai "C:" a ciki, irin ma'ajiyar fayil ta Windows, wasan ya zauna kamar yana garinsu. Wannan ai masauki ne, ba fassara kaɗai ba.

Malama: Alhaji, maganarka da ƙarfi, ban san da wannan ɗan gidan ba. Sai dai yaran yanzu nawa suka san fatoma? Kalmar da sai an fassara ta kafin a yi amfani da ita, wahala biyu ce.

Ɗalibi: Ni damuwata ɗaya. Inda akwai tafinta, zance yakan ninka tsawo. Kada mutane su ɗauka wasa zai riƙa jan ƙafa.

Mai gyaran kwamfuta: Wani lokaci yana ja kaɗan, ba zan ɓoye ba, amma ba ninki ba, don lissafin wasan kai tsaye yake tafiya, roƙe-roƙen ne kawai ake juyawa. Kamfanin Valve ya fitar da Proton a 2018 a kan Wine, ya haɗa da manhajar DXVK mai juya yaren zane na Windows (Direct3D) zuwa wanda Linux ke ji (Vulkan), kuma da shi na'urar wasansu ta hannu, Steam Deck ta 2022, ke buga wasannin Windows alhali Linux ce a cikinta. Inda ake makalewa shi ne wasu wasannin intanet masu manhajar kama maguɗi, su kam sai su ƙi yarda da tafinta sam.

Kun ga har na fara faɗinta ban sani ba. Na ɗauki "tafinta" ga Wine da Proton, "makwaikwayi" ga irin su PPSSPP. Alhaji, ɗan gidan nan kuwa zan riƙa ce masa "masauki", don ba shi da suna ko a bakinmu masu gyara.

Malama: Jam'in kuma tafintoci, kada wani ya rubuta mana "tafintas".

Mai gyaran kwamfuta: Na rubuta, Malama. Dattijon zai dawo gobe karɓar caja, zan gwada kalmar a kansa in faɗa muku yadda ya ji ta.