Neman shawara: tagogin alminiyam na gidanmu sun tsufa, a gyara ko a ɓalle?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min da shawara. Gidan da muke ciki tsohon gini ne tun na mahaifinmu Allah ya jiƙansa, tagogin duk na alminiyam ne irin masu turawa gefe ɗin nan, sai na kicin da banɗaki su kuma luba ne, masu jerin gilasai a kwance ɗin nan. To yanzu na falo da na ɗakuna sun ƙi turuwa sai kin sa hannu biyu kin ɗan ɗaga sannan ta motsa tana wani ƙara mai tada tsigar jiki, makullan wasu sun karye, in iska ta taso gilashin ya dinga kaɗawa kenan, ƙura kuwa ko a rufe suke sai ta shigo, in an yi ruwa kuma sai ya taru a layin ƙasa har ya gangaro bango ta ciki. Na kira wani mai gyara ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce wai an daina yin irinsu ba za a samu kayansu ba, gara a ɓalle duka a sa sababbi. Ni kuma da na duba firam ɗin lafiyarsu ƙalau wlh, kauri ne da su, ba inda suka lanƙwashe. Da gaske ne ba a samun kayan ko dai aiki yake nema?

Mai aikin alminiyam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ce wannan, kuma gaskiya kar ki bari a ɓalle miki komai tukuna. Duk abin da kika lissafa ba ciwon firam ba ne, ƙananan kaya ne suka mutu, kuma dama su an yi su ne don su mutu a canza. A ƙasan kowace taga mai turawa akwai tayoyi biyu ƙanana, yawanci na roba mai tauri, wasu da boris a ciki wasu babu, to idan ƙura ta cika layin sai tayar ta daina juyawa ta koma ja, gefe ɗaya ya cinye ya zama shafaffe, daga nan alminiyam ke gogar alminiyam, shi ne ƙaran da kike ji. Yadda ake cirewa: a turo tagar zuwa tsakiya, a riƙe gefe da gefe a ɗaga ta sama cikin layin sama, a jawo ƙasan waje. In ta ƙi ɗaguwa a leƙa layin sama, wani lokacin akwai 'yar roba ko sukuru da aka sa don kar ɓarawo ya ɗage ta daga waje, a kwance shi tukuna. Mutum biyu za su yi in babba ce, a kwantar da ita kan tsohon bargo.

Maganar an daina yinsu kuma rabin gaskiya ce. Kamfanin da ya yi tagar wataƙila ya rufe tuntuni, amma yawancin masu haɗa taga ba su ke ƙera taya da makulli ba, sayowa suke daga wasu, shi ya sa za ki ga taya iri ɗaya a tagogin kamfanoni daban daban. Don haka ba da sunan kamfani ake nema ba, da siffa da awo ake nema. A cire tsohuwar tayar da gidanta gaba ɗaya a tafi da ita hannu wajen masu sayar da kayan alminiyam, kar a je da baki ko hoto kawai.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Malam, har na ji sanyi a raina. To in an je me za a duba don kar a ba mu wadda ba ita ba?

Mai aikin alminiyam:
Faɗin tayar daga baki zuwa baki, kaurinta, sai bakinta, wannan shi mutane ke mantawa. Akwai mai kwarmi a tsakiya wadda ke hawa kan siririn layi, akwai mai shafaffen baki ko mai tudu wadda ke gudu cikin kwari, in aka musanya su tagar za ta dinga sauka daga layi. Sai gidan tayar, tsawonsa da inda ramin sukuru yake. Tunda tsohuwar ta cinye a auna ta ɓangaren da bai shafe ba, bambancin milimita 1 ko 2 ma yana hana taga rufuwa daidai. In an samu mai sukurun saiti a ɗauka, ita ana iya ɗaga gefe ɗaya ko a sauke shi har makullin ya haɗu. Kuma a canza biyun tare ko da ɗaya ce ta mutu.

Baban gida:
Ni shawarata ki zuba baƙin mai ko giris a layin, nan take za ta sake. Haka nake yi wa nawa.

Injiniya:
Baba a yi min afuwa, wannan kam a'a. Ranar farko za ta yi santsi gaskiya ne, amma mai yana kama ƙura da yashi su dunƙule su zama abin da ke cin tayar da layin tare. A share layin da tsohon buroshin haƙori, a wanke da ruwan sabulu a bari ya bushe, in za a sa wani abu to feshin silikon mai bushewa, kaɗan.

Sai maganar ruwan da ke gangarowa bango Hajiya, kafin ki kashe ko sisi fita waje ki duba ƙasan firam ɗin, za ki ga wasu ƙananan ramuka ko tsaga. An yi su ne da gangan, domin taga mai turawa dole ruwa ya shiga layinta, ta nan yake fita. A tsofaffin gidaje za ki tarar ƙasa ta toshe su ko mai fenti ya shafe su, ko wani mai gyara ya ga rami ya ɗauka ɓaraka ce ya cike da silikon. A zura siririyar waya a buɗe su sannan a zuba ruwa kofi ɗaya a layin, in ya fita ta waje shi kenan. In kuma har yanzu bango na jiƙewa to a duba tsakanin firam da filasta da kuma kusurwoyin ƙasa, a kankare tsohon abin da aka liƙa a sa sabo, amma silikon ɗin da ba ya warin tsami, shi ya fi zama lafiya da ƙarfe da siminti.

Baban gida:
To Injiniya na ji, mu dai da abin da muka sani muke aiki. Shi ya sa kenan layin nawa ya yi baƙi ƙirin.

Wata 'yar uwa:
Anti nima irin naki ne a gidanmu kuma an gyara. Ƙurar nan da kike cewa, duba gefen tagar inda take haɗuwa da 'yar uwarta akwai wani siririn abu mai gashi gashi da aka zura cikin tsaga, namu da aka zaro shi gashin duk ya ƙare saura gindin kawai, da mita ake sayar da shi, ki yanki guntu a tafi da shi don faɗin gindin ya bambanta tsawon gashin ma haka, in ya yi tsawo da yawa tagar za ta yi tauri in ya gaza kuma ƙura na nan. Kaɗawar gilashi kuma robar da ta zagaye shi ce ta bushe ta tsuke, za ki ga a kusurwa ta ja baya ta bar fili. Ita ma ana canzawa amma sai an san kaurin gilashin, mai milimita 3 da mai 4 da mai 5 kowanne da robarsa.

Mai aikin alminiyam:
Gaskiyarta. Ƙari a kan robar, ana kwance sukurun kusurwa ne a zare firam ɗin daga jikin gilashin, a naɗa sabuwar roba a bakin gilashin sannan a mayar ana bugawa a hankali da gudumar roba ko a ɗora katako. Kar a ja robar a miƙe ta lokacin sawa, in an ja ta bayan 'yan watanni za ta koma ta bar kusurwa a buɗe. Inda aikin ke ba da wahala shi ne sukurun, na ƙarfe ne a cikin alminiyam, in danshi ya shiga tsakaninsu shekara da shekaru sai su cije, za ki ga wani farin gari a kewayen kan. Yaro mai gaggawa zai murɗa da ƙarfi ya cinye kan ko ya karya shi a ciki, to nan ne aikin awa ɗaya ke zama na yini. A fesa man kwance noti a bari ya kwana, a sa sukundireba daidai bakin, a ɗan buga ta da guduma kafin a murɗa. Wajen mayarwa a sa sukuru silba marar tsatsa. Makulli in da ribiti aka kama shi, wato 'yar ƙusar nan da ake matsewa wadda ba a kwance ta da sukundireba, a huda kan ribitin da diril mai milimita 3 ko sama kaɗan ya fita, sabon makullin kuma abin dubawa shi ne tazarar ramukansa biyu da ko na dama ne ko na hagu.

Ɗan kwangila:
Ni fa kar a yi ta ba ta ƙwarin gwiwa a kan abin da ba a gani ba. Akwai tagar da gyaranta asara ce. In ginin ya zauna ya matse firam ya karkace, ko layin ƙasa ya cinye ya tsage saboda shekaru ana jan ta ba taya, ko me kika sa ba za ta yi daidai ba. Kuma tsohon alminiyam yana ɗaukar zafi da sanyi ya shigo da su ɗaki, sababbi masu kyau akwai abin da ake sawa tsakiyar firam ɗin ya raba ciki da waje.

Injiniya:
Oga maganarka tana kan hanya amma ai ana iya gwadawa kafin a yanke hukunci. A sa tef a auna firam ɗin daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ɗaya ɓangaren, in awon biyu ya zo ɗaya ko kusa to bai karkace ba. Layin da ya cinye kuma akwai siririn murfi na silba da ake kifawa a kansa tayar ta hau, in an samu daidai shi. Kuma ɓalle firam ba wasa ba ne, filasta za ta fashe, sai gyaran bango sai fenti, ga shi sabon da za a kawo in ba a sa ido ba sai ya fi tsohon sirantaka. In ɗaya ce ko biyu suka lalace a canza su kaɗai, kuma kar a ba 'yan gwangwan waɗanda aka cire, a kwance makullansu da tayoyinsu da gilashin a ajiye don sauran.

Mai tambaya:
Kai amma na ƙaru sosai, Allah ya biya ku duka. Na leƙa yanzu ramukan nan kuwa fenti ya rufe su ruf. Saura luba ɗin kicin, hannun ya karye gilashi biyu sun zame, kuma duk jikin firam ɗin ya yi fari fari ya dushe, wata ta ce in wanke da soda wai zai yi ƙyalli.

Injiniya:
Soda kam kar ki kusanta, tana cin alminiyam ci na gaske, za ta cinye rufin da aka yi masa a masana'anta ya yi dabbare dabbare kuma ba ya dawowa. Ɗanyen siminti ma haka yake yi masa in ya zauna a kai. Ruwan ɗumi da sabulun wanke wanke da soso mai laushi, banda soson ƙarfe don yana barin ɓurɓushi ya yi tsatsa a jiki.

Mai aikin alminiyam:
Luba ita ce mafi sauƙi Hajiya. Ba a wahalar gyaran hannun, ƙarafunan gefe biyun ake canzawa gaba ɗaya da maƙalansu, a ƙirga gilashi nawa ne a jere sannan a auna faɗin ɗaya, yawanci inci 4 ne ko inci 6, a sayo daidai su. Tsofaffin gilasan in ba su fashe ba su za a mayar, waɗanda suka fashe a je da ɗaya a yanko tsawonsa a ce su goge bakin saboda hannun yara. Na falon kuma ku fara da taga ɗaya kawai, wadda ta fi lalacewa, in kun cire tayar ki ɗora ta kusa da tef ki turo hoton nan ta gefe da ta ƙasa in gaya miki irin da za ku nema.