Zare mai canza kala da kansa: sarƙa nawa ake farawa da ita don mayafin wuya?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Sanyi ya ƙarato, ina son yin mayafin wuya da kwarashi, na namiji babba mai fita da babur da sassafe. Zaren da ke hannuna irin mai canza kala da kansa ne, dunƙule biyu, kowanne giram 100, an rubuta mita 210 a takardarsa. Kwarashin kuma lamba 5 ne. Sarƙa nawa zan fara da ita? Dunƙule biyun za su isa? Sannan gwajin da na fara gefensa sai tsukewa yake yi, kalar kuma tana juyawa a tsakiyar layi. Yanke zaren ake yi ko barinsa ake yi? A taimaka don Allah.

Tanti Mai Kwarashi:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kafin maganar sarƙa ki riƙe abu ɗaya: kamfani ne ya zaɓi kaloli da jerinsu, amma faɗin ratsin a hannunki yake. Kowace kala tana da tsawonta a cikin dunƙulen. Idan layinki gajere ne, kala ɗaya za ta ci layuka da yawa, ratsin ya fito da faɗi. Idan layin dogo ne, ratsin ya sirance.

Ga yadda za ki gane tun ba ki yi nisa ba. Ki saƙa layi ɗaya cikakke, ki ɗaura ɗan zaren ɗinki a inda ya ƙare, ki warware, ki auna da mitar tela. Da zare mai wannan kauri da kwarashi lamba 5, doguwar saƙa ɗaya takan ci wajen santimita 10, ko da yake hannu ya bambanta. Doguwa nake nufi wadda ake naɗa zare sau ɗaya kafin a shiga ido, a jawo, a cire bibbiyu sau biyu. To layi mai dogaye 30 ya ci mita 3 ke nan. Sai ki auna tsawon kala ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta. A misali ta kai mita 24, ki raba da 3, layi 8 ke nan, tsayin kowane layi wajen santimita ɗaya da rabi, ratsin ya zama santimita 12. Wannan zaren dai, idan kika saƙa shi ta tsawo, wato sarƙa ɗari biyu da wani abu, kala ɗaya da kyar za ta gama layi guda, sai ki samu siraran ratsi masu tafiya daga wannan baki zuwa wancan. Duka biyun suna da kyau, amma ga mai farawa na gajeren layi ya fi, don ƙirgar ido 30 ta fi ƙirgar 230 sauƙi.

Ki yi sarƙa 32. Ki tsallake uku na kusa da kwarashi, ki sa doguwa a ta huɗu, ki bi kowace sarƙa har ƙarshe. Za ki samu dogaye 29, da sarƙa ukun nan da ke tsaye a matsayin ɗaya, 30 cif. Faɗin zai kama santimita 22 zuwa 24. Sarƙar farko ki yi ta da kwarashi lamba 6, ko ki sassauta hannu sosai, don idan ta matse gindin mayafin zai lanƙwashe kamar lauje, wanki kuma ba ya miƙar da shi.

Tsukewar gefe kuwa sananniyar cuta ce, yawanci dalilinta ɗaya. A ƙarshen kowane layi akwai sarƙa ukun da aka juya da su a layin baya, ba su kama da doguwa ba, sai ido ya wuce su. Duk layin da kika bar su kin yi asarar ido ɗaya. Dokar ita ce: ki yi sarƙa uku ki juya, kada ki shiga idon farko da ke gindinsu, ki fara daga na biyu, doguwar ƙarshe kuma ki sa ta a kan sarƙa ta uku ta layin baya. Wadda ta shiga idon farkon kuma ta shiga sarƙar, nata mayafin buɗewa zai dinga yi. Ki maƙala fil ko guntun zare mai wata kala a kan sarƙar nan da zarar kin yi ta, ki kuma ƙirga duk bayan layi biyar.

Zare zai isa. Tsawon santimita 160 wajen layi 107 ne, sau mita 3, kusan mita 320. Kina da 420.

Hajiyar Bagalam:

Bayanin Tanti ya yi, amma akwai abin da ya kamata a fara dubawa, don ba kowane zare mai kaloli ne yake ba da ratsi ba. Maman Ilham, jawo zaren ki gani. Idan kala ɗaya tana tafiya mita goma, ashirin ko fiye, wannan shi ne mai ratsi. Idan kuwa taƙi ɗaya ko biyu sai ta juya, ba ratsi za ki samu ba, dabbare-dabbare ne, kuma doguwar saƙa ta fi kowace tona asirinsa: ja ya taru a kusurwa ɗaya kamar an zubar da manja, shuɗi ya taru a wata. A kasuwa duka biyun "mai kala-kala" ake ce musu, mai shago ba zai bambance miki ba. Ki leƙa dunƙulen ta sama. Mai dogon launi za ki ga kalolin sun kwanta zobe-zobe, mai gajeren launi kuwa a cakuɗe yake tun daga waje.

Idan mai gajeren ne, ga saƙar da ke rufa masa asiri. Sarƙa 40, gajeriyar saƙa (wadda ake shiga ido ba a naɗa zare ba, a jawo, a cire biyun lokaci ɗaya) a ta huɗu, sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, gajeriya, haka har ƙarshe. Layi na biyu sarƙa biyu ki juya, gajeriya a cikin ramin farko, sarƙa ɗaya, gajeriya a rami na gaba. Kullum cikin rami ake shiga, ba cikin ido ba. Kalolin sai su warwatsu ƙanana-ƙanana, gefen ya miƙe da kansa, iska kuma ba ta ratsa ta kamar doguwa. Aibinta ɗaya, ba ta da sauri.

Maganar juyawar kala a tsakiyar layi, ni dai ban ga dalilin yankewa ba. An sayi irin wannan zare ne don a huta da ɗaure-ɗaure, in za a yanke a kowace kala gara a sayi dunƙule biyar masu kala ɗaiɗai. Idan mayafin ya naɗe wuya ba mai ganin wurin. Sai fa in kalolin sun yi hannun riga sosai, kamar fari da baƙi, kuma juyawar farat ɗaya ce. Nan kam ki warware zuwa bakin layi, ki yanke ragowar tsohuwar kalar, ki shigo da sabuwar a jan ƙarshe na doguwar ƙarshe, lokacin da ido biyu suka rage a kan kwarashi. Ki bar jela santimita 15 kowane ɓangare, ki ɓoye ta da allura marar tsini, gaba, baya, gaba kuma. Guntayen ki ajiye, za su yi geza.

Inda aka fi yin kuskure shi ne dunƙule na biyu. Na farko ya ƙare a kore, na biyu ya fara da ruwan goro, sai jerin ya karye a daidai tsakiyar mayafi. Hanya biyu ce. Ko ki jawo na biyun ta ɓangaren da kika jawo na farko, ki warware har ki iso kalar da kika tsaya a kanta, jerin ya ci gaba. Ko ki jawo shi ta ɗaya bakin, in na farko ta ciki ne wannan ta waje, kalolin su dawo da baya, bakin mayafin biyu su yi kama da juna. Haka nan idan kika ci karo da ƙullin kamfani a cikin dunƙule, kada ki saƙa shi. Sau da yawa bayan ƙullin kala takan yi tsalle. Ki yanke shi, ki nemo kalar da ta dace, ki haɗa.

'Yar Sabon Gari:

Ni kalmar babur ce ta tsayar da ni. Maman Ilham, dogon mayafi mai geza ba na mai babur ba ne, jelarsa na iya shiga taya ko sarƙar babur, abin kuma a wuya yake ɗaure. Ki tsaya a santimita 130 zuwa 140, ki haɗa baki da baki ki ɗinke ya zama zobe. Ya zagaya wuya sau biyu, ba abin da ke lilo, ana kuma iya jan sa a rufe hanci in ƙura ta taso. Zare ma ya ragu na hula ƙarama.

Yawancin ulun da ke kasuwarmu na roba ne, ba gashin tunkiya ba. In kina shakka ki ƙona ɗan guntu: na roba narkewa yake yi ya dunƙule baƙi da tauri, auduga ta ci kamar takarda ta bar toka, ulu na gaske ya yi ƙaurin gashi. Saboda haka a daina ƙona bakin jela da ashana don kada ta warware, wannan ɗan dunƙulen yana kartar wuya. Dutsen guga ma kada ya taɓa shi, balle na gawayi, saƙar za ta kwanta ta yi sheƙi, ba ta sake tashi. Wanki da ruwan sanyi, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. In aka rataya shi jiƙe a igiya, nauyin ruwa zai ja shi ya ƙara tsawo ya tsuke.

Sannan lokacin hunturu kaushin hannu yana kama zare yana tayar masa da gashi. A shafa man kaɗanya a goge kafin a zauna, dunƙulen kuma a sa shi cikin leda ko kwano mai murfi a bar ƙofar zare kawai.

Amaryar Tibiri:

Sannunku da ƙoƙari. Tanti, in mayafin kafaɗa ne na mace, mai kusurwa uku, lissafin ɗaya ne?

Tanti Mai Kwarashi:

Ba ɗaya ba ne ƙanwata, don a nan kowane layi ya fi na bayansa tsawo. Kalar farko za ta ci layuka da yawa, ta ƙarshe wataƙila layi ɗaya ko biyu. Ratsin yana sirancewa ne yana sauka, kuma kyansa ke nan, kada ki yi faɗa da shi. Ki dai zaɓi bakin da za ki fara jawowa, don kalar farko ita za ta zauna a bayan wuya.

Sarƙa 4, ki haɗa zobe. Layin farko duk cikin zoben: sarƙa 4, dogaye 3, sarƙa 2, dogaye 3, sarƙa 1, doguwa 1, ki juya. Layi na biyu: sarƙa 4, dogaye 3 a ramin farko, sarƙa 1, a ramin tsakiya dogaye 3 da sarƙa 2 da dogaye 3, sarƙa 1, a ramin ƙarshe dogaye 3 da sarƙa 1 da doguwa 1. Daga nan maimaici ne, kowane ramin gefe dogaye 3, wato rukuni ɗaya, tsakiya kullum rukuni biyu. Gwajin kuskure mai sauƙi ne: layi na 5 rukuni 10, na 10 rukuni 20, kullum ninki biyun lambar layin. In bakin sama ya fara tsukewa yana lanƙwashewa, sarƙa huɗun juyawa sun matse, ki mai da su biyar.

Zare ya fi kyau ya zama siriri, kwarashi kuma ya ɗara abin da takarda ta ce da lamba ɗaya, don mayafin ya zubo a kafaɗa maimakon ya tsaya kamar tabarma. Irin zaren Mandala na kamfanin Lion Brand, giram 150 mita 540, guda ɗaya ƙaramin mayafi zai ba ki, na babbar mace sai biyu. Kada rabin zare ya ruɗe ki: lokacin da kika cinye rabi, zurfin mayafin ya riga ya kai kashi 7 cikin 10 na inda zai tsaya, sauran rabin kashi 3 kawai zai ƙara. In kin kusa ƙarshe ki auna dunƙulen a sikeli kafin layi da bayan layi. Ranar da ragowar ta gaza ninki ɗaya da rabi na abin da layin baya ya ci, ki tsaya nan, kada ki fara layin da zai mutu a hanya.