Neman shawara: wane bugun Zabura 42 ta Mendelssohn zan saya wa kwaya?

Salama 'yan'uwa. Ni ne nake koyar da kwaya a ikilisiyarmu a Jos, muna so mu rera Zabura 42 wadda Felix Mendelssohn ya yi wa kiɗa a 1837. Na duba na ga bugu iri biyu, ɗaya babba mai tsada, ɗaya ƙarami. Kuɗinmu kaɗan ne, kuma yawancin mutanena sol-fa, wato rubutun do-re-mi, kawai suke karantawa. Wanne zan ɗauka?

Mai buga piyano daga Kaduna:
Malam, ƙaramin shi ne naka. Babban na mai jagorantar makaɗa ne, kowane abin busa da abin goge da layinsa. Ƙaramin kuwa layin soprano, alto, tena da bas ne, a ƙasa kuma an tattara dukan kiɗan an mai da shi na piyano. Amma kafin ka biya, duba harshen. Asalin waƙar da Jamusanci take. Bugun Novello na Ingila yana da kalmomin Turanci, shi zai fi muku sauƙi.

Wata mama daga zumuntar mata:
Ɗana, kana da soprano mai ƙarfin murya? Kashi 7 ne waƙar, kuma mace ɗaya ce take ɗauke da tsakiyarta. A kashi na 6 ma ita kaɗai ce da maza huɗu, tena biyu, bas biyu. In babu ita, ku tsaya a kashi na farko, na barewa mai ƙishin ruwa. Shi kaɗai ya isa sujada.

Wani dattijo daga Bauchi:
Roƙona ɗaya, kada ka haɗa bugu biyu a kwaya guda. Mun taɓa yi, malami ya ce a koma shafi na 12, rabin mutane suna wani wuri daban, aka ɓata yamma guda. Mendelssohn ya rasu a 1847, saboda haka haƙƙin mallakar waƙar ya ƙare, tsofaffin bugu suna nan kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa. Sababbi irin na kamfanin Carus suna da haƙƙin mallaka, kada a kai su wurin fotokofi.

Mai buga piyano:
Batun sol-fa kuma, sai ka zauna da fensir ka rubuta do-re-mi a saman kowane layi. Kashi na farko a F yake, ba zai wahalar da kai ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Mama da Baba. Zan sauke tsohon bugu yau, mu fara da kashi na farko.