Wane suna za mu ba kayan da yara ke riƙewa suna koyon tarawa?

Malamar nazare: Assalamu alaikum. Ina fassara jagoran malami na koyar da tarawa ga 'yan shekara 4 zuwa 6, ranar Alhamis zan miƙa. Darussan duk na lokacin biki ne. A yanka taurari da takarda mai launi, yaro ya ajiye 3 a hagu, 4 a dama, ya tattaro su da hannunsa ya ƙirga 7. Wani darasin da ƙananan kwalayen kyauta ake yi, wani da balan-balan. Marubucin yana kiran waɗannan kaya manipulatives kusan a kowane shafi. Me zan sa?

Malamin aji uku: Wa alaikumus salam. Kayan koyarwa mana.

Malamar nazare: Malam, ai allo da alli ma kayan koyarwa ne. Waɗannan a hannun yaro suke, shi ke juya su.

Mai fassara: To, kayan ƙirga. Kowace uwa za ta gane.

Ɗalibin harshe: Me ya sa kullum sai "kayan kaza"? Muna da hanyar ƙera sunan abin aiki: buɗe, mabuɗi, mabuɗai, auna, ma'auni, ma'aunai. Saboda haka ƙirga, maƙirgi, maƙirgai. Kalma ɗaya, ta shiga take, ta shiga baki.

Mai fassara: Maƙirgi ai mutum ne mai ƙirgawa.

Ɗalibin harshe: Yaya, karin sauti ya raba su, jam'i ma ya raba. Mutane maƙirga ne, kaya maƙirgai. Kuma jam'in za a fi amfani da shi.

Tsohon malamin lissafi: 'Ya'yana, ku duka biyun kun ɗaure kalmar da ƙirga, ita kuwa ta fi haka faɗi. Ku dubi sandunan Cuisenaire, malamin nan ɗan Beljiyam: launi 10, daga santimita 1 zuwa 10. Yaro ya jera ja, wato 2, da kore mai haske, wato 3, ya ɗora rawaya a gefe ya ga tsawonsu ɗaya. Ya gane 2 da 3 sun ba da 5 ba tare da ya ƙirga komai ba. Haka duwatsun ado da ake amfani da su a makarantun Maria Montessori, malamar nan 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907. Ni "kayan lissafin hannu" zan ce.

Malamin aji uku: Ko a ari kalmar yadda take, tunda a kwaleji da ita aka koya mana.

Ɗalibin harshe: Wannan ne ke kashe mu! Ɗan shekara 5 za a ɗora wa kalmar da malaminsa ma sai ya yi tuntuɓe kafin ya furta? Muna jin kunyar harshenmu ne kawai.

Malamin aji uku: Ba kunya ba ce. Duk mai shiga intanet neman ƙarin darasi da waccan kalmar zai nema.

Mai fassara: Kuma in tsarki ake nema, lissafi da jimla ma daga Larabci suka zo.

Ɗalibin harshe: Sun zauna sun zama namu, kaka da jika duk suna faɗa. Ba ɗaya ba ne.

Malamar nazare: Don Allah a dawo kan taurarina, lokaci na tafiya. Allah gafarta Malam, naka ya fi rufe ma'anar, sai dai ya yi tsawo a umarnin darasi. Zan sa "kayan lissafin hannu" a gabatarwa da kan babi, da bayanin kalmar asali sau ɗaya. A cikin darasi in kira abu da sunansa: ɗauki taurari, jera kwalaye.

Tsohon malamin lissafi: Ya yi, 'yata. Yaron ma taurari yake gani.

Ɗalibin harshe: Na bari don Alhamis ɗin, ba don na gamsu ba. Maƙirgai ya cancanci layi ɗaya a ƙasan shafi.

Malamar nazare: Zan duba in da wuri. Saura akwatin nan mai layi 2, gida 5 kowanne, inda in ana tara 8 da 5 ake cike 8 da taurari 2 ta zama 10, a ga 3 sun rage a waje.

Mai fassara: Gidan goma.

Ɗalibin harshe: Wannan kam ba ni da ja.