Wa inji ya taɓa mutu masa yana sama?

Mataimakin matuƙin jirgin sama: Salamu alaikum manyanmu. Makon jiya a na'urar gwaji, wadda ke kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa, malami ya kashe min injin hagu muna wuce V1, gudun da in an kai shi ba sauran taka birki, sai tashi. Hancin jirgi ya fizga hagu, na danne fedar dama mai karkata hancin zuwa dama, komai lafiya. Sai ga hannuna a kan makashin inji, kyaftin ya buge shi. Ashe na dama mai lafiya na nufa. Har yanzu kunya nake ji. Waɗanda abin ya same su da gaske, yaya kuka yi?

Kyaftin mai ritaya: Ƙanena, gara ka sha kunyar a ƙasa. Abin da ya faru ke nan a Kegworth, Ingila, a 1989: injin hagu na Boeing 737 ya lalace, aka kashe na dama, mutum 47 suka rasu. Aka sake irinta a Taipei a 2015 da jirgin ATR 72. Ni sau ɗaya ya same ni, tsuntsu ne ya faɗa inji muna hawa. Ƙara ɗaya, gum, sai jijjiga, sai ƙaurin gashin tsuntsu ya cika mana ɗaki. Na ce wa yaron da ke gefena kada ya taɓa komai. Sai da muka yi sama sosai, na nuna injin da yatsa, ya faɗa da baki, na amsa, sannan ya kashe. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya hawa da ɗaya, to saurin me ake?

Matuƙiyar Airbus: Ranka ya daɗe, haka ne, amma a ba kwamfuta haƙƙinta. Injinmu ɗaya ya mutu muna tsakiyar tafiya, otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya riƙe jirgin cak, allon ECAM, mai nuna matsalolin jirgi, ya jero mana matakai muna bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya ba ni sararin tunanin filin da za mu sauka da man da ya rage. Inda kwamfutar take gazawa shi ne ba ta san gaggawa ba. A jirgin Qantas 32, da injinsa ya fashe a 2010, saƙonnin allo sun ci kusan awa guda kafin a gama da su. Shi kuwa kyaftin Sullenberger, da ya sauke jirginsa a kan kogin Hudson na Amurka a 2009, ya tada ƙaramin injin wuta na jela tun kafin takardar matakai ta kai wajen, kuma duk mutum 155 suka tsira.

Malamin ƙananan jirage: Ku masu allo kuna hutawa. Mu inji ɗaya ne, in ya yi shiru sai kukan iska. Ɗalibina ya bar inji yana jan mai daga tankin da mansa ya ƙare. Na sunkuyar da hanci, na zaɓi fili, sannan na juya makunnin tanki, inji ya yi tari ya tashi. Gwiwata ta yi rawa har muka sauka.

Mataimakin matuƙi: Na gode ƙwarai. Kyaftin, a gwaji na gaba zan ɗora hannun a cinya sai an tabbatar min. Amma in wuta ce ta kama injin fa, shi ma jiran za a yi?