Kilomita nawa ne daga Sakkwato zuwa Jidda a jirgin sama?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Jidda, kilomita nawa ne? Wasu na cewa tafiyar awa huɗu da rabi ce, wasu na cewa har bakwai. Wanne ne daidai?

Injiniya Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Malam. A miƙe, kimanin kilomita 3,700 ne. Madina ta ɗan ɗara, wajen 3,850. In ka ga an rubuta 2,000, kada ka ruɗe, ma'aunin matuƙa ne, mil na teku, kowane ɗaya kilomita 1.852.

Lissafin lokaci kuwa, jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,700 da 850, ka samu awa huɗu da kusan minti ashirin. Ƙara rabin awa na hawa, sauka da jiran izinin hasumiya. Ka ga an doshi awa biyar. Amma fa wannan in an bi miƙaƙƙiyar hanya ce, ta saman Nijar, Chadi da Sudan, a tsallake Bahar Maliya.

Hajiya Gawon Nama:
Nan gizo ke saƙar, Injiniya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewaye. Kewayen ya ƙara nisa, ya ƙara mai, har ya shafi kuɗin jigilar alhazan shekarar. Don haka mai cewa awa shida ko bakwai bai yi ƙarya ba.

Sai kuma agogo, wanda ke rikita mutane da yawa. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, zai sauka 5 na asuba agogonsu. Mai duba tikiti sai ya ƙirga bakwai. A dawowa kuma sai ya ga kamar uku kacal.

Injiniya Runjin Sambo:
Gaskiyarki Hajiya. A ƙara da iska. Da damina iskar can sama a yankinmu daga gabas take kaɗawa, tana tare jirgi mai zuwa Jidda, tana tura mai dawowa. Da hunturu abin yakan juya.

Zafinmu ma yana da tasiri. A Afrilu, in ya haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, inji ba ya ja yadda ya kamata, fukafukai ba sa ɗaga nauyi da wuri. Dole a rage kaya ko a jira sanyin dare. Jirgi irin A330 yana shan wajen tan shida na mai a awa, ga na ajiya saboda ko za a karkata zuwa wani filin. Kowace awa ta kewaye nauyi ce, shi ya sa ake tsanantawa wajen awon jakunkuna.

Malam na Kanwuri:
Allah ya saka da alheri. Ɗan Mabera, in umara za ka kuma Jidda za ku sauka, ka yi wanka ka ɗaura harami tun daga gida, ko ka ajiye shi a jakar hannu, kada ya shiga cikin manyan kaya. A sama ake ratsa daidai miƙati kafin sauka, kuma jirgi na cin kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya, ba a jiran sai an ji sanarwa sannan a fara neman banɗaki. In Madina za ku fara, sai a Zul Hulaifa za ka ɗauka.